Daidai da kuskure sun cakuɗe: tambayoyi da amsoshi kan dokar halitta da ruɗanin tarbiyya a wannan zamani

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa duk sanda aka tayar da maganar tarbiyya da yadda zamani ya juya, wasu daga iyaye, wasu daga ɗalibai, wasu kuma daga waɗanda ba su ma yarda akwai wani abu wai shi daidai ko kuskure ba. Na amsa su ne ta mahangar abin da masana falsafa ke kira dokar halitta, don ni dai ita ce ta gamsar da ni. Na fara da masu sauƙi.

Wai mece ce ma dokar halittar nan?

Ita ce fahimtar cewa daidai da kuskure gano su muke yi, ba ƙirƙira ba, kuma inda ake gano su shi ne a yadda ɗan adam yake da abin da rayuwarsa ke buƙata kafin ta yi kyau. Mutum yana da rai, yana da hankali, ana haifarsa ba ya iya komai sai an raine shi shekara da shekaru, kuma ba ya iya rayuwa shi kaɗai. Daga nan kawai hankali zai gane cewa rai abin karewa ne, gaskiya abin nema ce, yaro yana da haƙƙi a kan waɗanda suka kawo shi duniya, amana kuma in ta mutu to zaman tare ya mutu. Babu majalisar da ta zauna ta kaɗa ƙuri'a kafin waɗannan su zama gaskiya.

Tomas Akwinas, malamin Italiya da ya rayu daga 1225 zuwa 1274, shi ya fi shahara da tsara maganar. A wurinsa tushen farko shi ne a nemi alheri a aikata shi, a guji sharri. Sai ya kawo abubuwa uku da mutum ke karkata gare su tun asali: kare ransa, haihuwa da renon 'ya'ya, sai neman sanin gaskiya game da Ubangiji da zama lafiya cikin jama'a. Sauran hukunce-hukuncen duk rassa ne daga nan. Kalmar da ta fi kusa da wannan a bakinmu ita ce fiɗira.

Ba tunanin Turawa ba ne kawai aka kwaso mana?

A'a. Gaskiya ne Aristotil na Girka tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa ya raba tsakanin adalcin da yake na asali da wanda mutane suka yi yarjejeniya a kai, Sisaro na Rum kuma, wanda aka kashe a shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce doka ta gaskiya ba za ta zama ɗaya a Rum wata daban a Atina ba. Amma Alƙur'ani a Suratur Rum aya ta 30 ya yi maganar fiɗirar da Allah ya halicci mutane a kanta, a Suratus Shams kuma ya ce an kimsa wa rai sanin fajircinta da taƙawarta. Bulus a wasiƙarsa zuwa ga Romawa da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, sura ta 2, ya yi maganar mutanen da ba a ba su Attaura ba amma abin da dokar ke nema yana rubuce a zukatansu. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, Imamus Shaɗibi na Garnaɗa da ya rasu a 1388 ya ce an kiyaye biyar ɗin nan a kowace al'umma. Ka ɗora jerin nasu kusa da na Akwinas da na kawo a sama ka ga yadda suka yi kama.

Me ake nufi da ruɗanin tarbiyya? Mutanen yanzu sun fi na da lalacewa ne?

Ban ce sun fi lalacewa ba. Mutanen da ma sun yi kisa, sun yi sata, sun sayar da 'yan uwansu bayi. Bambancin shi ne wanda ya yi ɓarna a da yawanci ya san sunan abin da ya yi, ya karya ma'auni amma ma'aunin na nan. Yanzu ma'aunin ne kansa ake gardama a kai, kuma wannan ya fi wuya, don wanda ya san ya ɓata hanya zai iya tambaya, wanda aka gaya wa babu ma wata hanya sai inda ƙafarsa ta kai shi wa zai tambaya?

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne zamanin nan ba ya rasa zafin rai a kan laifi, kai ban jin an taɓa yin lokacin da ake tsine wa mutane kamar yanzu, ka buɗe wayarka da safe za ka tarar an riga an kama wani an yi masa shari'a an yanke masa hukunci kafin rana ta yi tsaka, kowa na rubuta zalunci, rashin imani, cin amana. To amma su waɗannan mutanen ne dai in ka ce musu abu kaza da suke yi bai dace ba za su ce maka kowa da ra'ayinsa, daidai ɗinka ba daidai ɗina ba ne. Da safe zalunci abu ne na haƙiƙa da ya wajaba kowa ya ƙi, da yamma kuma komai ra'ayi ne. Biyun ba sa haɗuwa a kai ɗaya, amma muna ɗauke da su duka, wannan shi ne ruɗanin. Lamirin mutane bai mutu ba sam, yana nan yana ihu, abin da aka ƙwace masa shi ne dalilin da zai kafa hujja da shi.

Ka lura da wani ɗan ƙaramin abu. Mutum zai miƙa wa wani wayarsa don ya nuna masa hoto, sai ka ga babban yatsansa ya tsaya cak a kan allon, ya juyar da wayar gefensa, ya goge wata hira da sauri, sannan ya miƙa yana murmushi. Wataƙila jiya-jiya ya gama cewa shi ba ya ganin laifin abin. Yatsan bai yarda da bakin ba. Hadisin Nawwas bin Sam'an da ke Sahihu Muslim ya siffanta zunubi da abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji kuma ba ka so mutane su gani.

Ta yaya aka zo nan?

A hankali aka zo. Wajen 1740 David Hume na Sikotilan ya ce ba a iya tashi daga bayanin yadda abu yake a faɗa kan yadda ya kamata a yi, wato sanin halittar mutum ba zai gaya maka komai game da abin da ya dace da shi ba. A 1882 Nitshe na Jamus ya shelanta cewa imani da Allah ya mutu a zukatan Turai, kuma a yaba masa da abu ɗaya, bai yi wa kansa ƙarya ba, ya ce in tushen ya tafi to tarbiyyar da aka gina a kai ma ba za ta tsaya ba. A 1936 wani matashin masanin Ingila, A. J. Ayer, ya ce in ka ce sata mugun abu ce ba wani bayani ka yi ba, ƙyamarka kawai ka fitar, kamar dai tsaki.

Waɗannan a aji aka fara su amma ba su tsaya a aji ba, sun gangaro cikin talla da fim da waƙa da soshiyal midiya har suka zama iskar da ake shaƙa, yaron da bai taɓa jin sunan Ayer ba yau da falsafarsa yake magana. Masanin falsafa Alasdair MacIntyre, wanda ya rasu a 2025, ya bayyana halin a 1981: kalmomin tarbiyya suna hannunmu amma kamar yagaggun shafuka ne da suka tsira daga gobara, tsarin da ya ba su ma'ana ya ƙone, shi ya sa gardamarmu ba ta ƙarewa, kowa sai dai ya ƙara ɗaga murya. Amsar maganar Hume tana can ƙasa, na ba ta tambaya tata daban.

Ai al'adu sun bambanta, abin kunya a wani wuri abin yabo ne a wani. Wannan bai rushe maganar ba?

Tambayar ta tsufa sosai. Hirodotas, marubucin tarihi na Girka a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin Sarki Dariyus na Farisa da ya kira Girkawa, masu ƙona gawar iyayensu, ya ce nawa zai ba su su ci naman gawar, suka ce ko nawa ne ba za su yi ba. Ya kira wata ƙabila ta Indiya da al'adarsu ita ce cin gawar iyaye ya ce nawa zai ba su su ƙona, suka yi kururuwa suka ce ya daina faɗin wannan saɓo. Mutane na kawo labarin don su nuna komai al'ada ce. Ni kuwa abin da na gani a ciki daban ne: ɓangarorin biyu duk girmama iyayensu suke yi, kuma duk sun ƙi sayar da wannan girmamawa da kuɗin sarki. Hanya ce ta bambanta, abin da ake karewa ɗaya ne.

A 2019 wasu masana a Jami'ar Oxford ƙarƙashin Oliver Scott Curry sun duba bayanan al'ummomi 60 daga sassan duniya, suna neman yadda ake kallon halaye bakwai: taimakon dangi, taimakon jama'arka, rama alheri, jarumta, girmama na gaba, raba abu da adalci, da kiyaye kayan wani. Sun tarar ana ɗaukarsu halaye na gari a ko'ina, sai dai wata al'umma ta fifita wannan a kan wancan. Sannan ko da an samu al'ummar da ta halatta mugun abu, saɓani ba ya nuna babu gaskiya, an daɗe ana saɓani kan abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro amma dalilin na nan tun kafin a gano shi.

In dai ban cutar da kowa ba, kuma da yardar juna aka yi, ina ruwan wani?

Wannan shi ne kusan dokar da ta rage wa zamanin nan guda ɗaya, kuma akwai gaskiya a cikinta, tilasta wa mutum mugun abu ne. John Stuart Mill, masanin falsafa na Ingila, shi ne ya yi fice da ita a 1859, amma shi kansa ya ce ba a yarda mutum ya sayar da kansa bawa ba ko da ya amince. Ka ga kenan yarda kaɗai ba ta mayar da abu daidai. Mai yunwa zai yarda ya sayar da ƙodarsa, wanda caca ta kama da hannunsa yake danna wayar, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya.

Sannan kalmar cutarwa ɗin ma ba ta tsayawa da ƙafarta. Kafin ka ce an cuci mutum sai ka san mene ne lafiyarsa, me ke gina shi me ke rusa shi, kuma da zarar ka fara amsa wannan ka shigo dokar halitta ko ka sani ko ba ka sani ba. Wanda yake kwana yana kallon batsa a ɗakinsa zai ce wa ya cuta, to idon da zai fito da shi gobe ya kalli matarsa da 'yar maƙwabcinsa da abokiyar aikinsa shi ne dai idon da ya horar da daddare.

Wane ne kai da za ka yanke wa wani hukunci?

Ba kowa ba ne ni, kuma makomar mutum da abin da ke zuciyarsa ba nawa ba ne. Amma auna aiki daban, yanke wa mai aikin ƙauna daban. Likitan da ya ce maka taba na cin huhunka bai raina ka ba. Kuma mai cewa bai kamata a yi wa kowa hukunci ba, shi ma hukunci ya yi.

To duk abin da na ji ina so a raina tunda haka aka halicce ni daidai ne kenan?

Nan ne aka fi yi wa maganar mummunar fahimta. Halitta a nan ba ta nufin duk abin da ya taso maka, hassada ma tasowa take yi, haka fushi da rowa. Ba ta kuma nufin abin da dabbobi ke yi, don namijin zaki in ya ƙwace garke yakan kashe 'ya'yan wanda ya kora. Ba ta nufin a guji magani ko tabarau ko jirgin sama. Abin da ake nufi shi ne me kowane sashe na mutum yake domin sa, kuma yaushe ne yake cika aikinsa. Ido don gani ne, shi ya sa tabarau taimakon halitta ne, tsone ido kuma ɓarna. Magana don isar da gaskiya ce tsakanin mutane, shi ya sa ƙarya take cin tushenta, ranar da kowa ya zama maƙaryaci ita kanta ƙaryar ba za ta ƙara aiki ba don ba mai yarda. Sha'awa tana da alaƙa da haɗuwar namiji da mace da zuwan yaro wanda zai buƙaci su biyun na shekaru, daga nan ne masu wannan mahanga suke fahimtar aure.

Halittar mutum ta haɗa da hankalin da ke tace abin da rai ke so. Wanda ya saki linzami ya bi duk abin da ya taso masa rabin halittarsa ya bi, ya yar da rabin da ya sa ake ce masa mutum.

In har tana zuciyar kowa, me ya sa mutane da yawa ba sa ganinta?

Manyan tushen ba sa gogewa, amma rassan suna iya dushewa. Akwinas ya ambaci abubuwan da ke jawo haka, son zuciya da mugun sabo da gurɓatacciyar koyarwa, har ya kawo misalin tsoffin ƙabilun Jamus da Yuliyas Kaisar ya ce ba sa ɗaukar fashi laifi. Hadisin da ke Bukhari da Muslim ma ya ce ana haifar kowane yaro a kan fiɗira sannan iyaye su juya shi. Ka dubi ɗan shekara uku da ya fasa kofi ba kowa a ɗakin, zai tsaya shiru, ya waiga ƙofa, ya tura fasassun ƙarƙashin kujera da ƙafa. Ba wanda ya karantar da shi. Amma ka bar shi shekara ashirin a inda ake tafa wa wanda ya fi iya ɓoye ɓarna, zai daina waigen.

Matsin na gaba ma yana rufe ido. A gwajin da Stanley Milgram ya fara a Jami'ar Yale a 1961, mutum 26 cikin 40 sun ci gaba da danna abin da suka ɗauka wutar lantarki ce ga wani bawan Allah har matakin ƙarshe, don kawai mai kula da gwajin ya ce su ci gaba. Da yawansu suna yi suna gumi suna rawar jiki, alamar sun san abin da suke yi ba daidai ba ne.

In gwamnati ta halatta abu ba shi kenan ba?

Dokokin wariyar launin fata na Jamus na 1935 majalisa ce ta zartar da su. Wariyar Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa farkon shekarun 1990 ita ma a rubuce take cikin doka. Da doka ce ƙarshen magana da babu bakin cewa an yi zalunci a wuraren nan. A shari'ar Nurembag da aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus daga 1945 zuwa 1946 an ƙi karɓar uzurin cewa umarni aka ba ni a matsayin abin da zai wanke mutum, kuma a 1946 masanin shari'ar Jamus Gustav Radbruch ya rubuta cewa dokar da rashin adalcinta ya kai inda ba a iya jurewa dole ta kauce wa adalci. Martin Luther King, jagoran fafutukar haƙƙin baƙar fata a Amurka, shi ma da yake tsare a kurkukun Birmingham a Afrilun 1963, da Ogastin, tsohon malamin Kirista, da Akwinas ya kafa hujja cewa dokar zalunci ba doka ba ce.

Kar kuma a juya maganar a ce duk abin da ya saɓa wa tarbiyya sai ɗan sanda ya shiga. Akwinas da kansa ya ce dokar mutane ba ta hana kowane aibi, manyan ne kawai, musamman masu cutar da wasu waɗanda in ba a hana su ba zaman jama'a zai watse. Kuma mai ƙin bin dokar zalunci a fili yake yi ya ɗauki hukuncin, kamar yadda King ya yi.

Haƙƙin ɗan adam bai wadatar ba?

Haƙƙin ɗan adam ɗa ne ga dokar halitta, matsalar ɗan ya manta gidansu. Ranar 10 ga Disamba 1948 a Paris ƙasashe 48 suka amince da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya mai sassa 30, ba wadda ta ƙi, 8 suka ƙaurace. Jacques Maritain na Faransa, wanda ya shiga tattaunawar masana da UNESCO ta shirya a lokacin, ya ba da labarin cewa an yarda da jerin haƙƙoƙin ne bisa sharaɗin kar a tambayi dalili. A lokacin dabara ce mai kyau don gawarwakin yaƙi ba su daɗe da binnewa ba, kowa ya san abin da ake gudu. Yanzu da aka yi nisa, kowa na iya sa wa buƙatarsa suna haƙƙi, in biyu suka yi karo kuma babu ma'aunin da za a koma, sai wanda ya fi lauyoyi ko mabiya. Duba amsar ruɗanin tarbiyya a sama, cutar ɗaya ce.

Wannan ba fifita hankali a kan wahayi ba ne?

Malaman Musulunci sun yi doguwar muhawara a nan. Mu'utazilawa suka ce hankali na gane kyau da muni da kansa kuma mutum na da alhaki tun kafin manzo ya zo. Imamul Ash'ari, wanda ya rasu a 324 bayan hijira, da mabiyansa suka ce kyau da munin da lada da azaba ke rataye a kai shari'a ce ke tabbatar da su. Maturidawa suka tsaya tsakiya. Ibn Taimiyya ya ce hankali da fiɗira suna gane cewa zalunci mummuna ne, amma azaba sai bayan an aiko manzo, kamar yadda aya ta 15 a Suratul Isra'i ta nuna. A ɓangaren Kirista ma cocin Katolika ta rungumi dokar halitta sosai, wasu malaman Furotesta irin su Karl Barth kuma suka yi taka-tsantsan da ita don suna ganin zunubi ya lalata hankali.

Ni abin da na riƙe shi ne dokar halitta ba ta maye gurbin wahayi, ba za ta koya maka yadda ake ibada ba, ba za ta gaya maka abin da ke bayan mutuwa ba, kuma ba ta da gafara a hannunta. Amfaninta shi ne ta ba ka harshen da za ka yi magana da wanda bai yarda da littafinka ba. Ka tuna Hilful Fudul, yarjejeniyar da wasu Ƙuraishawa suka ƙulla a Makka kafin annabci cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, bayan an danne wa wani baƙon ɗan kasuwa kuɗinsa. Masu bautar gumaka ne suka ƙulla ta, amma Annabi (SAW) ya yabe ta bayan zuwan Musulunci.

Ba da sunan halitta aka kare bauta da danniya ba?

An yi, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Aristotil ya ce wasu mutane bayi ne tun halitta, kuma a muhawarar Valladolid ta Sifaniya a 1550 zuwa 1551 wani malami mai suna Sepúlveda ya ɗauki wannan ya kare yaƙar 'yan asalin nahiyar Amurka. To amma da me aka mayar masa da martani? Abokin muhawararsa Bartolomé de las Casas ya tsaya a kan cewa mutanen nan masu hankali ne cikakku kamar kowa, kafin shi ma Francisco de Vitoria a Salamanka a 1539 ya koyar da cewa su ne masu ƙasarsu da dukiyarsu na gaskiya. Kuskuren Aristotil kuskure ne wajen karanta halittar mutum, kuma da karatun da ya fi shi daidai aka gyara. Wanda ya ce komai al'ada ce ba shi da abin da zai ce wa mai bayi, don bauta ma al'ada ce a lokacinta. Darasin da na ɗauka shi ne duk mai cewa abu kaza halitta ce a tambaye shi hujja, musamman in shi ne ke cin ribar maganar.

Ina amsar Hume da aka ce za a kawo?

Hume ya yi daidai in abin da kake bayani ba shi da wata manufa, dutse dai dutse ne. Amma akwai abubuwan da sanin mene ne su ya riga ya ƙunshi sanin mai kyau da marar kyau a cikinsu. In ka san mece ce zuciya ka san wadda ba ta harba jini da kyau tana da matsala, ilimin likitanci gaba ɗaya a kan haka ya tsaya kuma ba mai cewa ra'ayin likita ne. In ka san mene ne alƙali ka san mai cin hanci mugun alƙali ne. Philippa Foot ta Oxford ta bi wannan hanya ta ce haka mutum ma yake, halitta ce da ba ta rayuwa sai da amana da haɗin kai, don haka rashin amana naƙasa ce a gare shi. Wasu kamar John Finnis a 1980 suka bi wata hanyar, suka ce ba daga bayanin halitta ake ciro alheri ba, hankali ne kai tsaye yake gane cewa rai da ilimi da abota abin nema ne, har wanda ya tashi musun cewa ilimi alheri ne yana yi ne don yana so a san gaskiya.

Me za ta ce kan sababbin abubuwa irin su gyaran ƙwayar halitta da taimaka wa marar lafiya ya mutu?

Tambayar da take yi ita ce wannan abu gyara mutum yake yi ko mayar da shi kaya. A Nuwamban 2018 He Jiankui na Sin ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya sauya wa ƙwayar halitta tun suna 'yan tayi, duniya ta yi caa, a Disamban 2019 kotu ta ɗaure shi shekara 3. Yawancin masu sukar sun tsaya ne kan cewa fasahar ba ta nuna ba tukuna kuma ya karya ƙa'ida. To ranar da ta nuna fa? Tambayar ko ɗa kyauta ce da ake karɓa ko kaya ne da ake oda tana nan ba a amsa ba.

Holan ta fara aiki da dokar da ta ba likita damar kawo ƙarshen ran marar lafiya a 2002. Kanada ta yi tata a 2016 da sharaɗin mutuwar mutum ta kusa, a 2021 aka cire sharaɗin. Ba na raina azabar mai jinya, wanda ya taɓa kwana a gefen gadon wanda ciwo ke ci ba zai yi wa maganar nan gatse ba. Amma ka koma amsar yardar juna a sama, tsohon da yake ganin ya zame wa 'ya'yansa nauyi in ya sa hannu a takarda, yardarsa nawa ce tasa nawa ce ta gajiyar da yake karantawa a fuskokinsu?

In abubuwa biyu masu kyau suka yi karo fa, ya ake yi?

Dokar halitta ba injin lissafi ba ce da za ka zuba tambaya amsa ta faɗo, Akwinas ma ya ce duk yadda aka gangara zuwa ƙananan bayanai haka yiwuwar kuskure ke ƙaruwa. Misalinsa shi ne ajiya: daidai ne ka mayar wa mutum kayan da ya ba ka, amma in makami ne kuma ya zo karɓa don ya yi ɓarna da shi, riƙewa ce daidai. Abin da ba ya canzawa shi ne ba a aikata mugun abu da gangan don a samu alheri, ba a kashe marar laifi ɗaya don a raba sassan jikinsa ga mutum biyar duk da lissafi ya ce biyar ta fi ɗaya.

Daga bayanin Akwinas kan kare kai ne masana suka fitar da ƙa'idar aiki mai sakamako biyu. Sharuɗɗan su ne aikin kansa ya zama ba mugu ba, niyya ta kasance kan alherin, sharrin kar ya zama shi ne hanyar kaiwa ga alherin, kuma alherin ya kai girman da za a jure sharrin dominsa. Da wannan ake raba likitan da ya ƙara wa mai jinyar ƙarshe maganin rage zafi gwargwadon buƙata, ko da akwai fargabar zai iya taƙaita kwanansa, da wanda ya auna allura don ya mutu. Na farko in mai jinyar ya farka da safe ba zafi zai yi hamdala ya rubuta a fayil cewa magani ya yi aiki, na biyun kuma zai koma ya ƙaro allura.